Tsoron Annoba Da Karatun Jinya: Amsa Ga Wata Ɗaliba Daga Agege

Tambayar ta fito ne daga wata ɗaliba da ke aji biyu a makarantar koyon aikin jinya a nan Legas, iyayenta na zaune a Agege. An tura ta koyon aiki a ɗakin majinyata, ta yi wa wani mai zazzaɓi hidima, daga baya aka yi zargin Lassa ce ke damunsa, aka rubuta sunanta cikin waɗanda za a sa wa ido. Gwaji ya fito, ba Lassa ba ce. Amma tun daga lokacin barci ya ƙaurace mata, tana wanke hannu har fatar ta tsattsage, gabanta na faɗuwa duk ranar da za ta shiga ɗaki. Mahaifinta ya ce ta haƙura da karatun, don ya ga yadda ta kaya da 'yar wansa, wadda korona ta riska tana ɗaliba, ta kammala amma ba ta taɓa yin aikin ba. Sai ta ce: "Mama, yaya ɗalibanku suka yi lokacin korona? Kuma wannan tsoro nawa alama ce ta cewa aikin ba nawa ba ne?"

'Yata, Allah ya sanyaya miki zuciya. Zan fara da tambayarki ta biyu, tunda ita ce ke hana ki runtsawa. A'a, tsoron da kika ji bai nuna aikin ba naki ba ne. Na daɗe ina koyar da 'yan makarantar jinya, kafin nan kuma na yi aikin ɗaki dare da rana, ban taɓa ganin wadda aka ce mata mai yiwuwa ta taɓa mai Lassa, ta koma gida ta yi barcinta lafiya lau ba. Wadda ba ta jin komai ita ce ke ba ni tsoro, domin ita ce za ta tuɓe safar hannu da ka, ta kai yatsa ido. Abin da ya karya ɗalibanmu a lokacin korona shi ne an bar su su kaɗai da tsoronsu, ba kayan kariya, ba bayani, ba mai tambayar yadda suka kwana. A wasiƙarki ma abin da na gani ke nan. Kin ce an rubuta sunanki, kin ce gwaji ya fito, amma ban ga inda wani babba ya zaunar da ke ya yi miki magana ba.

Bari in ba ki labarin 2020 yadda na gan shi.

Ranar 27 ga Fabrairu aka tabbatar da mutum na farko mai cutar a Najeriya, wani ɗan ƙasar Italiya da ya sauka a Legas, aka kai shi asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Yaba. Kafin watan Maris ya ƙare an rufe makarantu, daren 30 ga wata kuma dokar kulle ta fara aiki. Aka ce ɗalibai kowa ya tattara nasa ya nasa ya tafi gida. A Ingila an ɗebi 'yan ajin ƙarshe an saka su aiki a asibitoci ana biyansu, mu a nan gida muka sallame su. Har yau ina ganin daidai aka yi, don kayan kariyar da ke ƙasa bai ishi ma'aikata ba balle ɗalibai. Sai dai zaman gidan ya yi musu illa mai yawa, musamman 'ya'yanmu na Agege da Idi-Araba da Obalende.

Kin san gidajenmu na haya: ɗakuna a jere suna kallon juna, famfo ɗaya, banɗaki ɗaya, ana ce wa mutane su ba da tazara. Uba mai acaɓa ne, tun farkon Fabrairu an hana shi aiki a manyan sassan gari, ko ɗan kasuwar Mile 12 ne da ke cin abin da ya samo a yini. A cikin wannan hali aka ce yarinya ta yi karatu ta WhatsApp da Zoom, da kuɗin data da babu, da wutar da ba ta zama. Aikin jinya kuwa da hannu ake koyonsa. Neman jijiya, juya mara lafiya don kada bayansa ya yi gyambo, sa robar fitsari, gane numfashin da ya fara canzawa, duk babu wanda ke shiga kai ta gilashin waya. Masu karatun digiri a jami'o'in gwamnati abin ya zame musu biyu, don yajin aikin ASUU ya ɗauke su daga Maris har Disamba. Da yawa sun riƙa kirana suna cewa, "Malama, na manta komai, idan na koma zan kashe wani." Wannan fargabar ta rashin iya aiki ta fi tsoron cutar kanta cin su.

Ga kuma unguwa. Mutane sun guji asibiti, saboda haka duk yaron da ya yi zazzaɓi sai a kwaso shi a kawo wa "likitar gidan wane", yarinyar da ko allura ba a ba ta izinin yi ba tukuna. Idan ta ce a kai shi asibiti, a ce ta yi girman kai. Idan ta sa takunkumin fuska za ta shago, samari su yi mata dariya, wai cutar masu kuɗi ce, wai zazzaɓin cizon sauro ne aka sake wa suna. A daidai lokacin, cikin watan Afrilu, waya ba ta hutawa daga Kano: wane ya rasu, wane ma ya rasu, dattawa suna ta tafiya, ga hanya a rufe ba damar zuwa gaisuwa. Azumin shekarar ya zo ba tarawihi a masallaci, ba tafsiri, sai cikin Agusta aka sake buɗe masallatan Legas. Duk inda mutum ya saba kai damuwarsa ya samu sauƙi, a rufe yake.

Da aka fara buɗe manyan makarantu daga watan Satumba, ba a jima ba cutar ta sake tasowa da ƙarfi a Disamba da Janairu, wannan karon ɗalibai suna cikin ɗakuna. Na ga yarinya ta yi kwanaki da takunkumi ɗaya, tana naɗe shi cikin takarda ta sa a jaka. Na ga masu saye da kuɗin abincinsu. A cikin danfo, motar haya ta Legas, mutane na matsawa idan sun ga farin kaya, har wasu suka koma ɗora hijabi ko doguwar riga don su ɓoye. Wata ɗalibata ta ba ni labarin da har yanzu yana zuciyata. Kullum ta dawo, ƙaninta ɗan shekara uku sai ya taho da gudu zai rungume ta, ita kuma ta daka masa tsawa kada ya taɓa ta, ta zagaya bayan gida, ta jiƙa kayanta a bokitin ruwan bilic, ta yi wanka, sannan ta shigo ta miƙa masa hannu. Da tafiya ta yi tafiya yaron ya daina tahowa, in ta shigo sai ya laɓe bayan uwarsa. Ta ce mini, "Malama, wannan ya fi mini ciwo fiye da gawar da na gani yau." Ba ta yi laifi ba, kare shi take yi, amma ba wanda ya taɓa gaya mata hakan kafin ranar.

To cikin waɗannan yara wa ya tsaya, wa ya tafi? Abin da na lura da shi, bambancin ba daga taurin zuciya yake ba. Akwai ɗakin da babbar ma'aikaciyar jinya za ta tara ɗalibai lokacin miƙa aiki, ta gaya musu gadon da za su je da wanda ba nasu ba, ta tsaya a kansu suna tuɓe kayan kariya, in an yi rasuwa ta ja wadda ta fara gani gefe ta ba ta ruwa ta bar ta ta yi kukanta. Yaran da suka ratsa ta irin wannan hannu, yawancinsu sun fito suna son aikin fiye da yadda suka shiga. Akwai kuma ɗakin da abin da ɗaliba za ta ji shi ne, "Mu ma haka aka yi mana, in ba za ki iya ba ƙofa a buɗe take." Wannan magana tana ƙona mini rai, domin ita ta raba mu da yara masu hannu mai kyau. Zan yi wa manyan adalci: su ma a gajiye suke, wasu sun binne abokan aiki, ba wanda ya tambaye su yadda suke. Amma gajiyar babba ba ta halatta masa ya sauke ta a kan ƙarami.

Game da yadda suka koma kallon sana'ar, abin ya rabu biyu a zuciya ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta riga ta ware 2020 a matsayin shekarar ma'aikatan jinya da ungozoma, saboda cikar shekara 200 da haihuwar Florence Nightingale, wadda ta aza tubalin aikin jinya na zamani, sai ga annoba ta sa duniya ta ga amfaninsu ƙuru-ƙuru. A Ingila masu neman gurbin karatun jinya sun ƙaru da kusan kashi ɗaya bisa uku a farkon 2021. Ɗalibanmu ma sun ji wannan alfahari. Amma suna da ido. Sun ji hukumar ta ƙiyasta cewa ma'aikatan lafiya tsakanin 80,000 da 180,000 ne suka rasu a duniya daga Janairun 2020 zuwa Mayun 2021. Sun san cewa alawus ɗin haɗari da aka daɗe ana biyan ma'aikacin lafiya a asibitocin gwamnatin tarayya naira 5,000 ne a wata, sai ƙarshen 2021 aka sake tsarinsa. Sakamakon shi ne da yawa sun ƙara son jinya, amma sun daina yarda cewa za a kula da su idan sun faɗi. Daga nan ne guguwar fita waje ta yi ƙarfi. A farkon 2024 shugaban hukumar da ke ba ma'aikatan jinya da ungozoma lasisi, NMCN, ya ce sama da 15,000 sun bar ƙasar a 2023 kaɗai, hukumar kuma ta fito da sharaɗin sai mutum ya yi aikin shekara biyu kafin a tantance masa takardu, abin da ya sa ma'aikatan suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas. Ni ba na zargin wadda ta tafi. 'Yar wan babanki ma, kafin a yanke cewa aikin ta tsana, a zauna da ita a ji ta wane irin hannu ta ratsa.

Tsoron Baba yana da tushe, kada ki raina shi. Ita kanta Lassa, a 1969 aka gano ta a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu, kuma waɗanda aka fara sanin ta kashe ma'aikatan jinya ne na mishan. A nan Legas, cikin Yulin 2014, Patrick Sawyer ya shigo da Ebola daga Laberiya, aka kwantar da shi a wani asibiti a Obalende. Dakta Stella Adadevoh, wadda ta hana shi fita ya shiga jama'a, ta rasu, haka ma ma'aikaciyar jinya Justina Ejelonu da ba ta daɗe da fara aiki a wurin ba. Amma ki dubi ƙarshen lamarin. A gari mai miliyoyin mutane, waɗanda suka kamu a duk ƙasar 20 ne, 8 suka rasu, ranar 20 ga Oktoba aka ayyana Najeriya ta rabu da cutar. Abin da ya tsayar da ita shi ne bin diddigin duk wanda ya taɓa mai cutar, a rubuta sunansa, a riƙa auna zafin jikinsa kullum har kwana 21. Wannan takardar da aka sa sunanki a ciki irinta ce. An rubuta ki ne don idan zazzaɓi ya taso a kama shi da wuri, domin maganin Lassa ya fi aiki idan an fara shi a kwanakin farko. Kuma Lassa ba ta bin iska kamar korona. Daga ɓera take zuwa, tsakanin mutane kuma ta jini da sauran ruwan jiki, shi ya sa safar hannu da rigar kariya da wanke hannu ke tare ta ƙwarai.

Yanzu ke kanki. Faɗuwar gaba da rashin barci na 'yan kwanaki bayan irin wannan firgici abu ne da jiki ke yi, yana wucewa. Amma naki ya ɗauki lokaci bayan gwaji ya wanke ki, ya kai ga wanke hannu har fata na tsagewa. Wannan ya wuce a ce ki yi haƙuri kawai, yana buƙatar a duba ki. Idan abu ya haura mako biyu yana hana barci da cin abinci da karatu, lokacin ganin likita ya yi. Ki fara da malamar da ke kula da ajinku ko asibitin ɗalibai, ki nemi a haɗa ki da masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Akwai su a asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba, akwai a na LASUTH da ke Ikeja, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Yaba. Na san yadda mutanenmu ke jin sunan asibitin ƙwaƙwalwa, kamar duk wanda ya taka ƙofar ya haukace. Mafi yawan masu zuwa da ƙafarsu suke zuwa, su yi magana da likita, su koma gida su ci gaba da harkarsu. Sau da yawa irin naki da zama ana tattaunawa ake magance shi, wani lokaci a haɗa da magani. Tun Janairun 2023 ma ƙasar nan ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta kare mutuncin mai neman taimako. Abin da nake roƙonki da girman Allah, kada ki je kemis ki sayi maganin barci da kanki, kada kuma ki karɓa daga hannun ƙawa. Na ga inda hakan ya kai masu aikinmu, farkonsa ƙwaya ɗaya ce bayan aikin dare. Idan kuwa tunanin cutar da kanki ya taɓa ɗarsuwa a ranki, ki gaya wa wani a ranar, ko ki kira lambar gaggawa, 112 ko 767.

Hannun naki ma a kula da shi. Fatar da ta tsage ƙofa ce ga ƙwayar cuta, saboda haka wankin da ya wuce kima yana rage kariya. An koya muku lokuta biyar: kafin taɓa mara lafiya, kafin aikin da ke buƙatar tsabta ta musamman, bayan taɓa ruwan jiki, bayan taɓa mara lafiya, da bayan taɓa abin da ke kewaye da shi. Da sabulu daƙiƙa 40 zuwa 60, da man goge hannu 20 zuwa 30. Ki tsaya a nan, ki riƙa shafa mai idan kin tashi aiki, ki rufe tsagar da filasta kafin ki sa safa.

Sannan ki san matsayinki. Ke ɗaliba ce, a ƙarƙashin kulawar mai lasisi kike, ba a kawo ki don ki cike gurbin ma'aikatan da babu ba. Idan aka tura ki wurin wanda ake zargi da cuta mai yaɗuwa ba tare da kayan kariya ba, kina da damar ki tsaya. Ba sai da rashin kunya ba. Ki ce, "Anti, ba ni da safa da riga, a ba ni in yi, ko ki tsaya tare da ni." Idan ya ci tura ki sanar da malamarku a ranar. Ki tabbatar kin kammala rigakafin ciwon hanta na B, allura uku ne. Idan allura ta soke ki, ki wanke wurin da ruwa da sabulu ki kai rahoto nan take, domin maganin kariya daga HIV cikin awa 72 ake fara shi, kuma gara a awannin farko. Yara da yawa suna ɓoyewa don tsoron faɗa, wannan ɓoyon shi ne haɗarin. Abu na ƙarshe a nan, ki nemi ƙawa ku riƙa gwada sa kayan kariya da tuɓe su, ɗaya na yi ɗaya na kallo, har hannu ya haddace. Wurin tuɓewa aka fi kamuwa, lokacin da mutum ya gaji, gumi ya jiƙa shi, yana gaggawar ya sha iska. Na ga yadda wannan gwajin kaɗai ke rage faɗuwar gaba, don zuciya na samun natsuwa idan hannu ya san abin da zai yi.

Addu'a kuwa ki riƙe ta da kyau, azkar na safe da yamma suna kwantar da rai, amma kada wani ya ce miki tsoronki raunin imani ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce idan an ji annoba a wata ƙasa kada a shiga, idan kuma ta auku mutum na ciki kada ya fita. Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba a can. Kiyaye kai yana cikin addini. Aikin ma yana da asali a wurinmu: Rufaida Al-Aslamiyya ta kafa tanti a masallacin Madina tana jinyar masu rauni, a wurinta aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ. Baba zai saurari wannan fiye da duk wani lissafi da zan kawo.

Ba zan ɓoye miki son raina ba, ina so ki tsaya. Matanmu na Agege da Alaba Rago da yawa ba sa jin Yarbanci ko Turanci sosai. Na sha ganin tsohuwa ta kwana da ciwo ta yi shiru, tana gyaɗa kai ga duk abin da aka tambaye ta, sai da ɗaliba Bahaushiya ta durƙusa gefen gadon ta ce "Sannu Iya, ina ke miki ciwo?" sannan bakinta ya buɗe, aka gano abin da aka yi ta nema. A lokacin annoba wannan ya fi muhimmanci, domin mutanenmu sun fi karɓar maganar rigakafi da killacewa daga bakin 'yarsu. Amma son raina ba zai zama igiya a wuyanki ba. Idan an duba ki, barci ya dawo, kika zauna da natsuwa kika ga har yanzu ranki ba ya wurin, babu abin kunya a canza hanya. A cikin jinyar ma akwai rassa: ungozoma, lafiyar al'umma, kula da yara, koyarwa.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne ki yanke hukunci yanzu, kina cikin rashin barci. Ki samu mahaifiyarki ta shige miki gaba wurin Baba, ku roƙe shi ya ba ki zuwa ƙarshen wannan zangon, ki gaya masa gaskiyar halin da kike ciki da kuma cewa za ki ga likita. Idan ya amince, ki kai shi makaranta ya zauna da malamar ajinku ya tambaye ta da bakinsa: wa ke tsayawa a kanki a ɗaki, wa ke ba ɗalibai kayan kariya, wa za a kira idan wani abu ya same ki cikin dare. Haƙƙinsa ne ya ji amsa, kuma makarantu sun fi kula da ɗalibar da suka ga iyayenta na bibiya. Idan Turanci zai ba shi wahala, ku tafi da wanda zai yi masa tafinta. Ki gaishe mini da su duka, bayan kin ga likitan kuma ki rubuto ki gaya mini abin da ya ce.